Keken Tura Jariri Mai Ƙafa Uku: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Keken tura jariri mai ƙafa uku kujera ce ta yadi mai kauri da aka ɗora a kan ƙarfe mai naɗewa, da manyan ƙafafu biyu a baya, ɗaya a gaba, da mariƙin da babba ke kamawa ya tura. Ba shi ne keken katakon nan da kafinta ke yi wa yaro don ya dafa ya koyi tafiya ba. Wannan kwantar da jariri ake yi a cikinsa ko a zaunar da shi, a ɗaure, a kama hanya. A Bauchi har gobe zani da majanyi ne ke ɗauke da yawancin jarirai, amma keken ya fara samun gurbi a cikin kayan haihuwa, musamman a gidajen ma'aikata, da wajen matan da aka yi wa tiyata aka ciro jariri, da masu ciwon baya, da uwayen tagwaye. Sababbi sukan fito daga shagunan kayan jarirai na Wunti da babbar kasuwa, na hannu kuma sukan ɓullo jefi-jefi a cikin kayan gwanjo, irin waɗanda ake bajewa a Kasuwar Muda Lawal tare da tufafi da takalma da jakunkuna.

Asalin abin daga Ingila ne. A 1733 wani mai zanen gine-gine da lambuna, William Kent, ya ƙera wa 'ya'yan wani basarake ƙaramin keke da akuya ko ɗan doki zai ja. A 1965 Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama da ya yi ritaya, ya fito da keke marar nauyi na alminiyon mai naɗewa, wanda shi ne kakan yawancin ƙananan kekunan yau. Mai ƙafa uku irin na zamani kuwa daga Amurka ya zo. A farkon shekarun 1980 wani ɗan jarida a garin Yakima, Phil Baechler, yana son fita gudun motsa jiki da ɗansa, sai ya ga ƙananan ƙafafun keken da yake da shi ba sa jure hanya. Ya samo ƙafafun keken hawa ya haɗa nasa, kuma a 1984 aka kafa kamfanin Baby Jogger. Wannan tarihin yana da amfani ga mai saye, domin ya nuna aikin da aka yi abin dominsa: doguwar tafiya a miƙe, a fili, a kan ƙasa marar daɗi. Ba a ƙera shi don cunkoso ba, ba kuma don a riƙa ɗaukarsa a hannu ba.

Fa'idarsa ta farko girman ƙafa ne. Ƙananan kekuna masu ƙafa huɗu sukan zo da ƙafar roba mai faɗin inci 5 zuwa 7, wadda ɗan tsakuwa ke tsayarwa, yashi kuma ya haɗiye ta. Na baya a keke mai ƙafa uku sukan kai inci 12 zuwa 16. Babbar ƙafa tana haye rami da dutse da saiwar bishiya ba tare da ta cije ba, kuma girgizar da ke isa jikin jariri tana raguwa. Ta biyu ita ce zama daram a ƙasar da ba ta daidaita ba, kamar tukunya a kan duwatsun murhu uku: ko wane irin tudu da kwari ne, duka ukun suna taɓa ƙasa, alhali mai huɗu sau da yawa ƙafa ɗaya na lilo a sama. A layukan da ba kwalta, irin na bayan Fadaman Mada ko sababbin unguwannin da ke gefen Yalwa, inda ruwan Agusta ke zaizaye hanya ya bar kwazazzabai, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sai dai siffar tana da nata rauni, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Gaban keken tsukakke ne. Idan aka sha kwana da sauri a kan gangare, ko aka tsallaka kwata a karkace, ko aka sauko daga dakali da ƙafar gaba, nauyin yaro yakan rinjaya zuwa kusurwar da ba ƙafa, keken ya nemi kifewa. Shi ya sa ake danna mariƙi ƙasa a ɗaga gaba, a hau ko a sauka da ƙafafun baya kawai. Ga kuma jiki. Irin wannan keke yakan yi kilo 10 zuwa 14, faɗinsa ta baya ya haura santimita 60, ko an naɗe shi ma ba ya ƙanƙancewa sosai.

Saboda haka zaɓen yana farawa ne tun daga gida, kafin a je kasuwa. A auna ƙofar ɗaki da ta zaure da igiya, a tafi da igiyar. Tsofaffin gidajen cikin gari, na Jahun da Nasarawa da makamantansu, suna da ƙofofi matsattsu da dokin ƙofa mai tsayi, wani lokacin ga kwata a bakin gida da aka gitta wa katako ɗaya. Katako ɗaya ba ya ɗaukar keken da sawun ƙafafunsa uku ne daban-daban. Sannan a yi tunanin abin hawa. Iyalin da ke da mota su gwada shi a but kafin a gama ciniki. Wadda zirga-zirgarta a Keke Napep take, ta sani cewa keke mai kilo 13 zai cinye wurin mutum guda, ga jariri a hannu, ga jaka, kuma direba ba zai yi shiru a kan kuɗin kaya ba. A kan acaɓa kuwa zancen ma bai taso ba. Kekuna da yawa sun ƙare a saman sif ko a lungun ɗaki, ba don sun lalace ba, sai don fita da su ya fi goyo wahala.

Ita kanta Muda Lawal ta isa misali. Kasuwa ce ta doya da dankali, lemo da kankana, tumatir da attaruhu, inda motoci ke sauke kaya tun da sassafe, 'yan baro da 'yan dako na kutsawa suna neman hanya, ƙasa kuma da damina ta zama caɓi da ɓawon kayan gwari. Manyan ƙafafu za su iya da ƙasar, amma faɗin keken ba zai iya da lungunan ba, kuma jaririn da ke cikinsa yana daidai tsayin bakin baro da salansar babur. Masu bincike a Jami'ar Surrey ta Ingila sun ba da rahoto a 2018 cewa jariri a keke yana iya shaƙar gurɓatacciyar iskar titi da ta fi ta mai tura shi da kusan kashi 60 cikin ɗari, saboda kusancinsa da inda hayaƙin ke fitowa. Wurin sayen keke daban, wurin yawo da shi daban. Ranar cefane a irin wannan kasuwa, majanyi ya fi.

Idan an tabbatar akwai hanyar da keken zai bi, misali zuwa asibiti, ko makarantar da uwa ke koyarwa, ko zagayen yamma a rukunin gidaje, abin da za a fara dubawa shi ne ƙafar gaba, domin a nan gizo ke saƙa. Iri biyu ce. Akwai kafaffiya, wadda ba ta juyawa, ta masu gudu ce, kuma duk kwanar da za a sha sai an ɗaga gaban keken. Akwai mai juyawa ko'ina, da ɗan makulli da ke tsayar da ita ta fuskanci gaba. Ta biyun ce ta dace da yawancin iyalai: a sake ta a kan siminti da cikin ɗaki, a kulle ta a yashi da tsakuwa, inda sakakkiyar ƙafa ke karkarwa tana kai keke inda ba a nufa ba. Makullin shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a na hannu. A kulle a buɗe sau da yawa, a ji yana shiga da ƙara. A ɗaga gaban keken a kama ƙafar a girgiza ta hagu da dama. Idan tana kaɗawa a mazauninta, boris ya ci ko noti ya kwance. Wasu kekunan da ɗan hannu ake cire ƙafar gaba, irin na keken tsere. A 2018 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta kai ƙarar kamfanin Britax a kan kekunansa na BOB, bisa rahotannin cewa ƙafar gaba na ficewa ana cikin tafiya. Duk keken da ke da irin wannan hannun, a tabbatar yana matsewa gam kafin kowace fita.

A lura kuma da masu kwaikwayo. Akwai kekuna masu araha da suka ɗauki siffar ƙafa uku, amma ta gaban ƙananan faya-fayen roba ne guda biyu manne da juna, na bayan ma ba su wuce tafin hannu ba. Sun gaji rashin daidaiton gaba, ba su gaji ƙarfin hawa hanya ba. Wanda kuɗinsa suka tsaya a nan, gara ya ɗauki mai ƙafa huɗu.

Tayoyi ma iri biyu ne, kuma a nan ƙasar Bauchi tana da ta cewa. Mai iska ita ta fi laushin tafiya, amma tsidau da ƙayar aduwa da ƙusoshin da ke zube a hanya ba sa raga mata. Sauƙin abin shi ne tiyub na inci 12 da na 16 daidai suke da na kekunan yara, ana samunsu wajen masu kayan keke, kuma kowane mai gyaran keke zai yi faci. A guji bugun iska da injin masu facin mota, domin ɗan ƙaramin tiyub ba ya ɗaukar wannan ƙarfin, kafin a ankara ya fashe. Famfon hannu ya wadatar, adadin iskar da ake buƙata kuma yana rubuce a gefen tayar. Ɗaya irin ita ce cikakkiya, ta roba ko ta soso mai tauri. Ba ta faci, ba ta neman iska, amma ta fi jijjiga, kuma idan ta cinye ko rana ta tsattsaga ta, samun madadinta sai an yi sa'a. Ga mai bin layin ƙasa kullum, mai iska ta fi. Ga wanda ba shi da haƙurin famfo, cikakkiya mai sifirin a ƙafafun baya ta isa.

Daga nan sai shekarun mai shiga. Jariri sabon haihuwa ba ya iya riƙe kansa. Idan aka jingina shi a zaune, kan yakan faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta matse, kuma yana iya yin haka shiru ba kuka. Har sai ya kai wajen wata shida, yana zama da kansa, a kwance sosai ya kamata ya yi tafiya. Wannan ya shafi lokacin da aka fi son keken, wato yawon arba'in da zuwa rigakafin sati 6 da 10 da 14. A kwantar da bayan kujerar har ƙarshe a duba da ido. Idan ta tsaya a kishingiɗe, ba ta jariri ba ce, ko me mai shago ya ce. Kekunan gudu da yawa haka suke, masu ƙera su ma suna hana gudu da yaron da bai kai wata shida zuwa takwas ba. Wasu suna zuwa da ɗan gado da ake ɗorawa a kan ƙarfen a watannin farko, sai dai a gwanjo da wuya a same shi tare da keken.

Maɗauri shi ne abin da aka fi rainawa, ana ganin ai yaron ƙarami ne, ina za shi. Nagari yana da igiya biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin cinyoyi, duka suna haɗuwa a maɓalli ɗaya. Ta tsakanin cinyoyin ce ke hana yaro zamewa ƙasa. A 2010 kamfanin Graco ya janye kekuna kusan miliyan biyu a Amurka bayan mutuwar jarirai huɗu, waɗanda suka zame ta ƙarƙashin farantin gaba, jiki ya wuce, kai ya maƙale. A na hannu, a ja kowace igiya da ƙarfi a ga ɗinkinta, a danna maɓallin a ji ya kama, a tabbatar ba ya buɗewa da ɗan taɓi irin na yatsan yaro. Idan an ɗaura, yatsu biyu ne kawai ya kamata su shiga tsakanin igiya da ƙirji. Keken da maɗaurinsa ya ɓace, tela zai iya ɗinka wani, amma ba zai iya ba da tabbacin ƙarfinsa ba.

Birki ba a gane shi da kallo, sai da kaya. Abin gwaji kuwa ba ya wuya a Muda Lawal. A sa manyan doya huɗu ko biyar a kujerar, ko kankana biyu, abin da zai kai nauyin yaro ɗan shekara ɗaya, wato wajen kilo 10. A taka birkin a tura da ƙarfi. Ƙafafun baya duka biyu su kafe, su ja ƙasa, kada ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya. A saki birki a tura keken taku goma a wuri mai gargada, da hannu ɗaya, a ga ko yana bin layi ko yana janyewa gefe. Janyewa tana iya zama alamar ƙarfen da ya lanƙwashe, kuma wannan ba ya gyaruwa. A kai shi ɗan gangare a taka birki a sake hannu. Sannan a ɗan danna mariƙin ƙasa a ji yawan ƙarfin da ke ɗaga gaba. Idan da ɗan yatsa yake tashi, to ranar da aka rataya jakar cefane a mariƙin, keken zai faɗi ta baya da yaron a ciki. Kaya a kwandon ƙasa ake sa su. Birkin ya zama wanda za a iya takawa da silifas ba tare da an ji ciwo a yatsa ba. Igiyar da ke rataye a mariƙi kuma ta hannun mai turawa ce, domin manyan ƙafafu ba sa jira idan keke ya kuɓuce a gangare.

Naɗewa ma a gwada da hannun wadda za ta yi amfani da shi, ba da hannun mai sayarwa ba, wanda ya saba. Idan an buɗe, a ji ƙarar makullin da ke hana shi rufewa da kansa, a jijjiga a gani. A kula da gaɓoɓin da ƙarfe ke haɗuwa. A 2009 kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka bayan rahotanni 12 na yaran da gaɓar naɗewa ta datse wa kan yatsa. Yaro ya yi nisa duk lokacin da ake buɗewa ko rufewa. Kayan gwanjo ba sa zuwa da tarihinsu, don haka a leƙa ƙarƙashin kujera ko jikin ƙarfen baya, inda akan manna takarda mai sunan kamfani da samfuri da shekarar ƙira. Lambar EN 1888 tana nuna ma'aunin Turai, ASTM F833 na Amurka. Da sunan samfurin ana iya bincikawa a waya ko an taɓa janye shi. Takardar ba ta maye gurbin gwaji, domin ana iya buga ta a jikin jabu, amma rashinta gaba ɗaya abin tsayawa ne a yi tunani. Tsatsa a kan noti ba komai ba ce. Tsaga a gaɓar roba, ko tabon walda a jikin alminiyon, su ne ke kashe ciniki. Tsohon keke na kamfanin kirki da ya ci waɗannan gwaje-gwaje ya fi sabo mai ƙyalli da ƙarfensa ke lanƙwasa a hannu. Yadinsa dai a cire a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana sosai, saboda kuɗin cizo da fumfuna.

Zafi shi ne abin da masu ƙera keken ba su yi lissafinsa da Bauchi ba. A Maris da Afrilu rana tana kai wa digiri 40, kujerun kuma yawanci baƙaƙe ne, na yadin leda mai riƙe zafi. A nemi mai launi mai haske, da rumfa mai faɗi da ke saukowa gaba, da tagar raga a baya ko a gefe. Al'adar lulluɓe keken da mayafi ko tawul don kare rana tana da haɗari. Wani bincike na Jami'ar Sydney a Ostareliya da aka buga a 2023 ya gano cewa busasshen ƙyalle yana iya ƙara zafin cikin keke da kusan digiri 4, yayin da siririn ƙyalle mai laima tare da ƙaramar fanka ke rage shi. Banda haka, lulluɓi yana hana uwa ganin fuskar ɗanta. Ledar ruwan sama da ke zuwa da wasu kekunan ta ruwa ce kawai, da an ɗauke a cire. Abin da ya fi ta amfani a nan shi ne ragar sauro mai roba a baki, don fitar yamma da zaman tsakar gida. Keken ba gadon kwana ba ne. Idan barci ya ɗauki jariri a hanya, da an iso gida a mayar da shi shimfiɗarsa a cikin gidan sauro.

Masu tagwaye za su ga masu kujera biyu gefe da gefe, waɗanda faɗinsu kan kai santimita 75 ko fiye, ba kowace ƙofa ke karɓarsu ba. Akwai kuma masu kujera ɗaya a bayan ɗaya, waɗanda suka fi dacewa da yaya da ƙani, domin ɗaya daga cikin kujerun ba ta cika kwanciya sosai ba.

Kulawa ba ta da yawa. Ƙurar hunturu tana shiga boris ta haɗu da mai ta zama kamar yashi, saboda haka lokaci-lokaci a cire ƙafafun, a goge sandunansu da tsumma, a shafa ɗan giris kaɗan. A bi notuna da sifana bayan 'yan watanni. Kada a bar shi a rana ko a ruwa, domin rana ce ke busar da roba da igiyoyi har su karye. Yayyen jariri za su so su mai da shi motar wasa, kuma a nan yawancin kekuna ke rasa ƙafar gaba. Kowane keke yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa, galibi kilo 15, wasu masu ƙarfi 22, wato daga wajen shekara uku zuwa huɗu. Wanda aka ajiye a inuwa, aka rage wa tayoyinsa iska kafin a jingine shi, yakan kai ga ƙani, wani lokacin har da na bayansa.